Littafin cikin salula da ma'aunin malami

Ina gaida mutanen Ƙonni da Tsarnawa da Bazaga da Allela, da na Malbaza da Dogarawa da Galmi, da na Illela da Badagishiri da Tajaye. Gaisuwa ta musamman ga malaman lakwal, su mushe da su madam, domin sharhinmu na yau a kansu yake.

Kwanakin baya na kwana a wani ƙauye da ke bakin kwarin Maggiya. Bayan sallar isha'i na tarar da wani matashin malami, ɗan kwantaragi, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin da mai gari ya ba shi. Kaye yana kan cinyarsa, biro a hannun dama, salula a hannun hagu. Gilashin salular ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Yakan sa yatsu biyu ya buɗa rubutun, layi uku ko huɗu su cika fuskar wayar, ya kwafe su, ya ja gaba. Na tambaye shi abin da yake yi. Ya ce: "Baba, darasin lissafi na gobe nake shiryawa. Jagoran malami ne, wani abokina ya turo mini ranar da na shiga gari, inda akwai rezo." Na ce ina na takarda? Ya ce guda ɗaya ne a makarantar, kuma malami uku ke juya shi. Yana cikin magana wayar ta yi ƙara, batir ya kusa mutuwa. Ya rage hasken, ya ƙara sauri, domin mai caji sai da safe, kuma dala goma ne kowane zuwa.

Ban bar wurin ba sai da ya gama shafin. Tun daga daren nan nake juya maganar da ake ta yi a tarurrukan ilimi a Yamai da sauran manyan birane, cewa za a zuba littattafan horar da malamai a intanet, a kuma riƙa auna ƙwarewarsu da na'ura. Ni ina goyon bayan abin. Amma ina so mu dube shi daga kan tabarmar wancan yaro, domin a can ne zai yi amfani ko ya ƙi yi.

Me ya sa ake gaggawa? Akwai wani awo da ake kira PASEC, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke yi wa ɗalibansu. A shekarar 2014 an auna ƙasashe goma, Nijar ta zo ta ƙarshe. Cikin yaran da ke gab da gama firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai kashi 9 cikin ɗari ba. Da aka sake awon a 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen kashi 30. An ci gaba, kuma gumin malamai ne ya kawo ci gaban. Sai dai ko a awon na 2019 yara bakwai cikin goma na barin aji shida ba su iya karanta shafi su gane abin da ke ciki yadda ya kamata ba. Uban da ya hana ɗansa zuwa lambun albasa shekara shida don ya yi lakwal yana da haƙƙin ya tambayi dalili.

Dalilan suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne yadda muke samar da malami. Muna da makarantar horar da malamai a Tahoua, kamar yadda ake da su a Maraɗi da Dosso da Damagaram da sauran jihohi. To amma shekaru da dama yawan yara ya fi ƙarfin waɗannan makarantu, sai aka riƙa ɗaukar ƴan kwantaragi dubbai, da yawansu ba su taɓa zama ajin horo ba. An miƙa musu alli, an nuna musu rumfar zana, an ce bismillah. Abin da ya rage musu na koyon sana'a shi ne taron CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su yi darasin gwaji su gyara wa juna, sai kuma ziyarar mai ba da shawara daga ofishin sufeto, in an samu man babur. Duk wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san sau nawa wannan ziyara ke yiwuwa.

A nan ne littafin intanet ke da rana. Littafin takarda sai an buga, an ɗaure, an loda a mota daga Yamai, an bi kilomita sama da 400 kafin a iso Ƙonni, a sauke a magaza, sannan a jira wanda zai kai shi ƙauye. In an gano kuskure a shafi na arba'in, sai bugu na gaba, wanda ba a san ranarsa ba. Na cikin waya kuwa ba ya jiƙewa, gara ba ta cin sa, kuma mutum ɗaya zai raba wa mutum ɗari ba tare da nasa ya ragu ba. Irin waɗannan littattafai suna nan tuni. Shirin IFADEM na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ya yi aiki a Nijar, ya wallafa ƙananan littattafan horar da malami daga nesa, kuma ana sauke su kyauta. Akwai TESSA, wanda wata jami'ar karatu daga gida ta Ingila ta fara tare da cibiyoyin Afirka a 2005, da darussa cikin Ingilishi da Faransanci da Larabci da Suwahili. A tsallaken iyaka, cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna tana horar da malamai daga nesa tun bayan kafa ta a 1976. Ba sabuwar hanya ba ce, an daɗe ana bin ta.

Matsalar ita ce masu tsara waɗannan abubuwa sukan ɗauka malami yana zaune inda akwai wuta da rezo dare da rana. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, kuma a karkara abin ya yi ƙasa da haka nesa. Mu a nan muna alfahari da tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta farko irinta a Nijar. Amma ka yi tafiyar rabin awa daga wurin a kan babur, za ka tarar da makarantar da ko soket ɗaya babu. Kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har garuruwa suka ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi. Ga kuɗin kiredi. Malamin da ɗan abin da ake biyansa ke zuwa a makare ba zai saka jikka biyu a intanet don kallon bidiyon horo ba alhali babu hatsi a gida, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

To ina mafita? Ku je kowace kasuwa tsakanin Ƙonni da Badagishiri, za ku ga yaro da kwamfuta a ƙarƙashin laima, mutane sun yi layi ana tura musu wa'azi da finafinan Kano da kokowar takobi a katin waya. Ba rezo ake amfani da shi ba. Mutum ɗaya ne ya sauke, sauran kowa ya karɓa hannu da hannu, waya zuwa waya, ta Bluetooth ko Xender. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga intanet ba tana da tafsirin azumi cikakke a wayarta. Jama'armu sun riga sun gina hanyar raba ilimi ba tare da intanet ba, saura hukuma ta bi sawunsu. A shirya littafin horo yadda zai sauka sau ɗaya ya zauna a waya, mara nauyi, mai rubutun da ke daidaita kansa da ƙaramin gilashi, don kada malami ya kwana yana buɗa shafi da yatsu biyu. A haɗa da murya, domin malamin da ke koyar da Faransanci yana buƙatar ya ji yadda ake furta kalma, kuma sauraro ba ya cin batir kamar kallo. Duk littafin da cibiyar littattafan makaranta ta INDRAP ta wallafa da dukiyar ƙasa, a ba kowane mai ba da shawara kwafinsa a kati ɗaya, ya zo da shi taron CAPED, kowa ya ɗauka kafin a watse.

Akwai wani tarihi da ya kamata masu zumuɗin na'ura su riƙa tunawa. A shekarar 1964 Nijar ta fara koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa, daga baya gwajin ya kai ajujuwa kusan ashirin a yankin Yamai. Duniya ta zo kallo. An ɗauki matasa masu takardar firamare kawai, aka yi musu ɗan gajeren horo, aka sa su kula da aji, akwatin talabijin kuma ya riƙa ba da darasi. Yaran sun iya magana da Faransanci, ba a musun wannan. Amma shirin bai taɓa game ƙasa ba, kuma kafin 1980 ya tsaya, kayansa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa. An zuba ƙarfi a kan akwati fiye da yadda aka zuba a kan mutumin da ke tsaye kusa da akwatin. Yau ma haɗarin ɗaya ne. Ana iya raba allunan hannu dubu a yi hoto, bayan shekara biyu rabi sun mutu, babu mai gyara, babu caja.

Sai maganar harshe, wadda ta fi damuna. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan haka ne, da wane harshe za a rubuta wa malamin Tajaye littafin horonsa? Yawancin abin da ke intanet na horar da malamai da Faransanci yake ko Ingilishi. Wani zai ce ai ga Najeriya nan kusa, daga Ƙonni zuwa Illelar Sakkwato ko tuwo bai huce ba ka isa, kuma can an yi littattafan koyon karatu da Hausa, irin jerin Mu Karanta da aka yi amfani da su a jihohin Sakkwato da Bauchi. Gaskiya ne, kuma ina ganin wauta ce mu ƙi amfana da aikin ƴan'uwanmu. Amma ba a ɗauko shi ɗungurungum a aza wa yaronmu. Yaron Adar yana cewa tahi, littafin ya rubuta tafi. Yana cewa hwari, littafin ya ce fari. Dole a koya wa malami yadda zai haɗa bakin yaro da rubutun littafi ba tare da ya sa yaron ya ji kunyar harshen uwarsa ba.

Ga misalin da ya fi wannan. Yarinyar da ke tallan albasa a bakin hanyar Galmi, ka saya na dala talatin da biyar ka ba ta jikka, kafin ka mayar da hannu aljihu ta ba ka canjinka daidai, dala ɗari da sittin da biyar. Ita ce kuma gobe za ta zauna a aji, a rubuta mata 1000 a cire 175 a allo, ta yi shiru, a ce ba ta da kai. Tana da kai. A kasuwa tana ƙirga da dala, littafi yana ƙirga da faran, kuma kowace dala faran biyar ce. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa lissafin da take yi a bakin hanya da wanda ke allo abu ɗaya ne. Littafin da aka rubuta a Faris bai san da dala ba, na Kano kuma da naira yake ƙirga. Wannan darasi sai mu za mu rubuta shi. Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua tana da sashen nazarin ilimi, ga makarantar horar da malamai a gari ɗaya da ita, ga tsofaffin daraktoci da suka yi ritaya a Ƙonni da Illela cike da dabarun shekara talatin. Amfanin littafin cikin waya ke nan, ba sai an jira injin buga takarda ba kafin darasin dala ya kai ga kowane malami.

Yanzu bari mu zo ga ma'auni, inda na san kunnen malamai zai ƙara tashi. Kalmar awo tana da ɗaci a bakinsu, kuma da dalili. A watan Yuli na 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi sama da dubu 50 jarrabawa. Ƙungiyoyin malamai sun yi adawa, wasu sun ƙaurace. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 bisa 20. An tura wasu horo, an soke kwantaragin dubbai. A shekarar ta 2017 dai gwamnatin jihar Kaduna ta yi irin wannan, ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar ƴan aji huɗu, daga baya ta sallame su. Ba zan ce kada a auna malami ba. Wanda bai iya karanta abin da zai koyar ba, barinsa a gaban yara zalunci ne ga yaran. Amma abin da ya zauna a zukatan malamai tun daga lokacin shi ne, duk wanda ya zo da takardar awo ya zo da wuƙa. Yanzu in ka miƙa wa malami waya ka ce ya amsa tambayoyi, sakamakon zai tafi kai tsaye Yamai, me kake tsammani zai yi? Zai ba ƙaninsa mai digiri ya amsa masa. Na'urar za ta tara maki masu kyau, ajin kuma yana nan yadda yake.

Awon da zai yi amfani shi ne wanda malami zai fara ganin sakamakonsa kafin kowa. Ya amsa tambaya ashirin a kan kasafi ko nahawu a ɗakinsa, wayar ta ce masa ga inda ka yi kuskure, ga shafin da za ka koma, ka sake gwadawa jibi. Ba kunya, ba tsoro, ba wanda ya gani. Likita ma yakan auna jini ne don ya san maganin da zai bayar. Kuma a sani, tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu tana iya gano ko malami ya san amsa, amma ba ta ganin yadda yake tsayawa gaban yara saba'in, ko yana kiran ƴan mata su yi magana, ko ya lura da yaron baya da bai ci komai ba tun safe. Wannan sai ido, sai mai ba da shawara ya zo ya zauna a bencin baya. In an ba shi allon hannu ya riƙa cike abin da ya gani, madalla, zai rage masa ɗawainiyar takarda. Amma kafin ya hau babur ya zauna da malamin minti goma a gindin bishiya, ya ce ga abu ɗaya da ka yi daidai, ga abu ɗaya da za ka gyara kafin in dawo.

Akwai kuma awo mai sauƙi da kowane malami ya kamata ya fita da shi daga makarantar horo. A ba yaro ɗan gajeren labari, a duba agogo, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan a yi masa tambaya a kan abin da ya karanta. Da irin wannan aka auna karatun Hausa a Sakkwato da Bauchi, kuma manyan ƙungiyoyi da allunan hannu suke yin sa. Amma agogon salula da fensir sun isa. Malamin da ya yi wa ajinsa haka a watan Oktoba ya sake a watan Fabrairu ya san gaskiyar aikinsa fiye da duk wani rahoto.

Kada a raina ƙaramar waya. Wata mai bincike daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta yi gwaji a nan Nijar tare da abokan aikinta. A ajujuwan yaƙi da jahilci na Dosso da Damagaram, daga 2009, manyan da aka koya wa amfani da salula sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Daga baya aka sake wani gwajin a Maraɗi da Damagaram, inda ake buga waya kowane mako ga malami da mai gari da wasu ɗalibai a tambayi yadda aji ke tafiya, sai karatun ya ƙaru. Kira ne kawai, da wayar da ko hoto ba ta ɗauka. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne malamin ƙauye yana ƙara himma idan ya san wani ya tuna da shi.

Kuɗi kuwa an saka. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 140 ta Amurka don shirin LIRE, wanda gyaran koyarwa da horar da malamai ke cikin manyan ayyukansa. Haƙƙin iyaye ne a kwamitocin makarantu su tambayi abin da ya iso makarantarsu daga irin waɗannan shirye-shirye, su kuma tambaya da babbar murya.

Saboda haka ina kira ga sufetocin Ƙonni da Malbaza da Illela, kada taron CAPED na gaba ya watse sai kowane malami ya tafi da jagoran ajinsa a cikin wayarsa. Ina kira ga magadan gari da kwamitocin iyaye, faifan hasken rana ɗaya da batir a ofishin darakta bai kai kuɗin buhunan albasa kaɗan ba, kuma zai raba malamanku da layin mai caji. Ga hukumomin ilimi a Tahoua da Yamai, duk ma'aunin da za ku kawo, ku faɗa wa malami tun farko wa zai ga sakamakon da abin da za a yi da shi, kuma ku cika alkawarin. Ku kuma malamai, wanda ya samu littafi mai kyau kada ya kwana da shi shi kaɗai, ya tura wa na ƙauyen gaba.

Allah ya ba malamanmu lada, ya buɗe ƙwaƙwalwar yaranmu.